Ƙuri'a ɗari a AUR tana nufin an gwada ƙunshin?

Nafi'u:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga manyanmu masu amfani da Arch Linux da danginsa irin su EndeavourOS. Idan ƙunshin manhaja a AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke ɗora nasu, ya tara ƙuri'a sama da ɗari, kuma babu mai kuka a ƙarƙashinsa, hakan ya isa a ce an tantance shi? Me ya raba shi da wanda ke cikin extra, rumbun hukuma na Arch?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Nafi'u. Bai isa ba, ko kusa. Ƙuri'a a AUR ma'anarta kawai "ina amfani da wannan, ina so a kai shi rumbun hukuma". Ba shaidar gwaji ba ce. Ka fara da sanin abin da AUR ke ajiyewa. Ba ginanniyar manhaja ba ce, fayil ne mai suna PKGBUILD, wato rubutun bash da ke gaya wa makepkg, manhajar gina ƙunshi, inda zai sauko da kod, yadda zai gina shi, da inda kowane fayil zai zauna. Duk wanda ya buɗe asusu ya saka mabuɗin SSH zai iya tura nasa, nan take kuma ya bayyana. Ba wanda ke karantawa kafin ya fito. Na extra kuwa, mai kulan da Arch ta amince da shi ne ya gina shi a tsabtataccen wuri ya sa masa hannu, pacman kuma, manhajar girka ƙunshi, yana duba sa hannun kafin ya girka.

Sannan ƙuri'a da suna take manne, ba da abin da ke ciki ba. A watan Yuli 2018 ƙunshin acroread yana maraya, wato ba mai kula da shi, wani ya ɗauke shi, ya ƙara layin curl da ke sauko da rubutun umarni daga waje ya miƙa wa bash kai tsaye. Ƙuri'un da ƙunshin ya tara tun da can suna nan daram, alhali abin da ke ciki ya canza hannu. Ɗaukar maraya ba ta da wuya. Idan aka nemi a raba mai kula da ƙunshinsa bai amsa ba cikin mako 2, za a raba shi. Idan kuma ƙunshin ya yi kwana 180 da alamar ya tsufa, ana amincewa da buƙatar nan take.

Sagir:
Malam, ai shi ya sa paru, mataimakin girka ƙunshin AUR, ke buɗe maka PKGBUILD kafin ya gina. Mutum ya leƙa, ya ga ba wani abin tsoro, ya danna q ya wuce. Minti ɗaya ya isa.

Malam Habibu:
Leƙawa daban, karantawa daban, Sagir. Wurin farawa shi ne layin source. Adireshin da ke ciki na masu manhajar ne na ainihi, ko wani asusun GitHub ne mai kama da nasu? A ranar 16 ga Yuli 2025 an ɗora librewolf-fix-bin da firefox-patch-bin da zen-browser-patched-bin. Sunayen kamar na masu gyara, amma a cikin source akwai wani shigi da ke nuni zuwa ma'ajiyar maharin, daga can ake jawo CHAOS RAT, manhajar da ke ba wani ikon sarrafa kwamfutarka daga nesa. Sai ranar 18 ga wata aka cire su. Wanda ya tsaya ya karanta adireshin zai tambayi kansa me ya haɗa Firefox da wannan asusun.

Bayan source, ka duba ko akwai layin install. Idan akwai, buɗe fayil ɗin da layin ya ambata ya fi PKGBUILD muhimmanci. Dalili shi ne makepkg ba ya yarda ya yi aiki a matsayin root, mai cikakken iko a kan kwamfuta, har package() ma a ƙarƙashin fakeroot take gudana. Amma post_install da post_upgrade pacman ne ke gudanar da su, da cikakken ikon root. Duk abin da aka rubuta a nan, an rubuta shi ne da mabuɗin gidan gaba ɗaya.

Idan sabuntawa ce ba girkawar farko ba, kada ka sake karanta komai daga sama. Kowane ƙunshin AUR ma'ajiyar git ce, ka buga git log -p ka ga abin da ya canza da wanda ya canza shi. Sabuntawa mai lafiya yawanci layi biyu ko uku ne: pkgver ya hau, pkgrel ya koma 1, lissafin sha256 ya canza. In ka ga adireshi ya canza tare da sunan mai kula a rana guda, ka dakata.

Injiniya Rabi:
Zan ƙara a kan maganar sha256sums, don a nan mutane ke samun kwanciyar hankalin ƙarya. Wannan lissafin yana tabbatar da abu guda ne: fayil ɗin da ka sauke shi ne wanda mai kula ya sauke ranar da ya buga updpkgsums. Ba ya cewa fayil ɗin mai kyau ne. Idan guba aka sauke ranar, lissafin guba ne zai yi daidai. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne sa hannun masu manhajar, fayil ɗin .sig ko .asc a cikin source, tare da cikakken zanen yatsan mabuɗin a validpgpkeys. Shi ma sai ka gwada zanen yatsan da wanda ke shafin masu manhajar. In daga PKGBUILD ɗin ka kwafo shi ka shigar a gpg, to ka tambayi mai kaya ne ko kayansa na da kyau.

SKIP halal ne a wuri biyu, ga fayil ɗin sa hannu da kuma ƙunshin -git da ke bin reshe mai motsi. SKIP a kan ƙullin tar mai lambar siga kuwa lalaci ne ko wani abu da ya fi lalaci.

Nafi'u:
Anti Rabi, to idan lissafin ya ƙi yin daidai fa? Wasu na cewa a ƙara --skipchecksums kawai.

Injiniya Rabi:
Kada ka fara, ƙanina. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai saukewar ta yanke a hanya, ko tsohon fayil mai suna iri ɗaya yana zaune a babban fayil ɗin gini, ko masu manhajar sun sake fitar da siga ba su canza lamba ba, ko kuma wani ya taɓa fayil ɗin. Na biyun yana yawan faruwa da ƙullin da ake kira v1.2.tar.gz kawai, shi ya sa ake ba shi suna da :: a cikin source. Akwai kuma na biyar da ba laifin kowa ba. A ranar 30 ga Janairu 2023 GitHub ya sabunta git ɗinsa, yadda ake matse ƙullin da yake haɗawa da kansa ya canza, lissafin ɗimbin ƙunshi ya karye a rana ɗaya ko da yake kod ɗin bai canza ba, har sai da suka janye canjin. Hanyar ganewa ita ce ka kwance tsohon ƙullin da sabon ka gwada abin da ke ciki da diff -r. In babu bambanci, matsewa ce. In akwai, karanta bambancin kafin ka ci gaba.

Sagir:
Na yarda da karatu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne nacewar da ake yi a kan gini a cikin chroot, wato keɓantaccen tsari mai tsabta a cikin kwamfutarka. Ga tsadar data, ga wuta da ba tabbas. makepkg -si yana aiki, me ya sa za a sake sauke kayan gini na base-devel gaba ɗaya don ƙaramin ƙunshi?

Ɗan Damagaram:
Ga mai girka wa kansa kawai, kana da ɗan gaskiya. Ga mai kula da ƙunshi ko mai cewa "na gwada, yana aiki", ba ka da ita. Kwamfutarka cike take da kayan da ka girka shekara da shekaru. A ce ƙunshin yana buƙatar cmake da git wajen gini, mai kula ya manta bai sa su a makedepends ba. A wurinka zai ginu lafiya lau saboda kana da su. A wurin wani zai tsaya da "cmake: command not found". Wannan ma mai sauƙi ne, don yana ihu.

Mai haɗarin shi ne wanda ba ya ihu. Yawancin rubutun configure da meson suna laluben abin da ke kan na'ura. Idan suka ga wani laburare, ko da ba dole ba ne, sai su kunna sashen da ke amfani da shi su ɗaure manhajar da shi. Yanzu manhajar ta dogara da abin da ba a rubuta a depends ba. Ranar da ka share ƙunshin da ba abin da ya dogara da su da pacman -Rns, laburaren ya tafi, manhajar ta ƙi tashi, kai kuma ba ka san me ya haɗa su ba. A cikin chroot babu komai sai base-devel da abin da PKGBUILD ya ambata, don haka ƙarya ba ta ɓuya.

Maganar data kuma, ba yadda kake zato ba ne. devtools yana amfani da ma'ajiyar pacman ta kwamfutarka, wato /var/cache/pacman/pkg. Abin da ka riga ka sauke ba a sake sauke shi. Sau ɗaya ake yin mkarchroot a gina tushen, daga nan makechrootpkg -c yana kwafar tushen ne a duk gini. In kana kan btrfs ma hoto kawai yake ɗauka, cikin ƙiftawar ido. Ko ka bar pkgctl build ya yi maka duka. Idan ƙunshin ya dogara da wani na AUR, sai ka fara gina wancan ka cusa shi ciki da -I, tunda chroot bai san AUR ba.

Sagir:
To na ji ta wajen cache, ban san yana rabawa ba. Amma chroot ɗin yana kare mutum daga mugun PKGBUILD?

Ɗan Damagaram:
Rabi da rabi. Yana hana build() taɓa gidanka, wato mabuɗan SSH da fayilolin burauza, wanda makepkg tsirara ba ya hanawa tunda da sunanka yake gudana. Amma ba ya yanke intanet, kuma abin da ya fito daga ciki kai ne za ka girka shi da sudo. In gubar tana cikin ƙunshin da aka gina, chroot ya taya ka dafa ta ne cikin tsabta. A nan Fedora ta fi tsauri, don kayan gininta, mock da Koji, suna gini ba tare da intanet ba, duk abin da za a buƙata sai an bayyana shi tun farko. Dokar Debian ma ta hana ƙunshin main taɓa intanet lokacin gini. A Arch al'ada ce kawai, kamar yadda ake yi wa Rust, cargo fetch --locked a prepare(), sannan cargo build --frozen a build().

Malam Habibu:
Bayan gini sai namcap, manhajar da ke duba kurakuran ƙunshi, kuma sau biyu ake buga shi, ɗaya a kan PKGBUILD, ɗaya a kan fayil ɗin .pkg.tar.zst. Na biyun ne mai amfani sosai, domin yana buɗe fayilolin ELF ya ga laburaren da suke nema ya gwada da depends. Layin da ya fara da E mai cewa an gano abin dogaro amma ba a saka shi ba, gyara shi wajibi ne. Layin W mai cewa an saka abin dogaro amma ƙila ba a buƙatarsa, wannan sai da tunani. namcap ba ya ganin abin da manhaja ke lodawa da dlopen bayan ta tashi, ba ya ganin umarnin da take kira daga waje. Ka bi shi ido rufe ka cire, ka karya ƙunshin da hannunka.

Daga nan pacman -Qlp ya nuna maka jerin fayiloli kafin girkawa. Abin da ake nema: kada a ga komai a /usr/local ko /home, lasisi irin MIT da BSD ya kasance a /usr/share/licenses ƙarƙashin sunan ƙunshin, kada kuma a ga fayil ɗin sabis na systemd da manhajar ba ta da dalilinsa. Mai karanta PDF ba ya buƙatar agogon systemd. bsdtar -tvf zai nuna izinin kowane fayil, a nan ake kama setuid da ba a yi zatonsa ba.

Injiniya Rabi:
Duk wannan gwajin ƙunshi ɗaya ne shi kaɗai. Inda Debian ta sha gaba shi ne gwada ƙunshi da maƙwabtansa. Sabon ƙunshi yana tsayawa a layin NEW, mutum ya karanta debian/copyright ya duba lasisi. lintian yana yin aikin da namcap ke yi, da dokoki masu yawan gaske. piuparts yana girkawa, ya sabunta, ya cire, sannan ya duba ko an bar shara a baya. Sai autopkgtest, wanda ke gwada ƙunshin bayan an girka shi kamar yadda mai amfani zai same shi, ba a cikin babban fayil ɗin gini ba.

Daga reshen unstable zuwa na testing kuma manhajar britney ce mai gadi. Ƙunshi mai gaggawar medium yana jiran kwana 5, low kwana 10, high kwana 2. Kwanakin kaɗai ba su isa ba. Dole ya ginu a kan duk nau'in na'urar da ya saba ginuwa, kada ya zo da sabon aibi mai matakin serious ko grave ko critical, kuma kada ya karya gwajin ƙunshin da suka dogara da shi. Wannan na ƙarshen ne zuciyar abin. Ka ɗora sabon laburare, gwajinka ya wuce, amma na wata manhaja da ke amfani da shi ya faɗi, to kana nan a unstable har a warware. AUR ba shi da ko inuwar wannan.

Ɗan Damagaram:
A Fedora mutane ake sakawa a wannan gurbin tare da na'ura. Sabuntawa tana zama a updates-testing, masu gwaji su ba ta +1 ko -1 a shafin Bodhi. Bisa saitin asali, +3 na tura ta stable, -3 na janye ta. In ba wanda ya tanka, sai ta cika kwana 7, ta muhimman ƙunshi kuma kwana 14. Rauninsa a fili yake, +1 da yawa ma'anarsu "na girka, kwamfuta ta tashi". Shi ya sa suke haɗawa da openQA, wadda openSUSE ta ƙirƙira, mai kunna tsarin a na'urar kwaikwayo tana danna maɓallai tana gwada hoton allo da wanda ake tsammani. COPR na Fedora kuwa ɗan'uwan AUR ne, PPA na Ubuntu ma haka, ba mai tantance su.

Sagir:
Ranku ya daɗe, duk wannan layin masu gadi, ai ɓarauniyar hanyar da aka dasa a manhajar matse fayil xz ta wuce ta gabansu tana ɗaga musu hannu.

Injiniya Rabi:
Ta wuce, ba musu. Siga 5.6.0 da 5.6.1 na 2024 sun shiga Debian unstable, ta farkon ta kai testing, sun shiga Fedora Rawhide da openSUSE Tumbleweed da Kali. Debian stable ta tsira ne don tana kan 5.4.1, wato jinkiri ne ya cece ta ba gwaji ba. Amma ka duba yadda aka yi, don akwai abin gyara a ciki. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. An ɓoye kayan ne a cikin fayilolin gwaji, bad-3-corrupt_lzma2.xz da good-large_compressed.lzma. Manhajar matse fayil dole ta mallaki lalatattun fayiloli don gwaji, ba wanda zai yi mamakin ganinsu, ba kuma mai iya karanta su da ido. Abin da ke kwance su ya cusa a gini yana cikin build-to-host.m4, kuma wannan gurɓataccen fayil ɗin babu shi a git, a cikin ƙullin tar na saki kawai yake. Sa hannun da ke kan ƙullin na gaske ne, domin mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiki har ya zama mai kula. Lissafi daidai, sa hannu daidai, lintian shiru.

Andres Freund, mai aiki a kan PostgreSQL, shi ya kama ta a Debian sid, wato unstable. Ya lura sshd na cin CPU fiye da kima, shiga ta SSH ta ƙara kusan rabin daƙiƙa, ga kuma ƙorafin valgrind. Ya bi sawu ya fitar da bayani ranar 29 ga Maris 2024.

Malam Habibu:
Abin da mai kula zai ɗauka a aikace shi ne gwada ƙullin saki da alamar git ta wannan sigar. Ka kwance ƙullin, ka ciro alamar, ka buga diff -r. Za ka ga bambanci ko da yaushe a manhajar autotools, tunda configure da fayilolin m4 ƙirƙirarsu ake yi, kuma a cikin wannan hayaniyar aka ɓuya. Mafita ita ce gini daga alamar git mai sa hannu, a sake ƙirƙirar configure da autoreconf a prepare(). Arch ma ta koma gini daga git a xz 5.6.1-2. Ita Arch ɗin ma ɓarauniyar hanyar ba ta kai ga sshd ɗinta ba, don an tsara ta ne ta kunnu a ginin deb da rpm, kuma sshd na Arch ba ya jawo liblzma ta hanyar libsystemd kamar na Debian da Fedora da aka yi wa faci.

Nafi'u:
Malam, tunda a fayilolin gwaji aka ɓoye ta, ashe --nocheck, wato tsallake gwaji, ya fi aminci?

Malam Habibu:
A'a. Ba gudanar da gwajin ne ya kunna ta ba, configure ne ya ciro ta tun kafin a kai check(). Tsallake check() ba zai hana komai ba, sai dai ya hana ka ganin manhajar da ta ginu amma tana ba da amsar banza da sabon laburare. In gwaji ɗaya ne ke faɗuwa saboda yana neman intanet ko allo, a cire shi kaɗai da sunansa a rubuta dalili a gefe, ko a gudanar da shi da xvfb-run. Wanda ya rubuta make check || true ya kashe ƙararrawa ne ya bar ta rataye don ado.

Ɗan Damagaram:
Kada a bar ƙunshin -bin a baya, masu zuwa da ginanniyar manhaja. A nan babu kod da za ka karanta, babu check(), amanarka gaba ɗaya tana kan adireshin da sa hannun. Kuma kada ka buga ldd a kan fayil ɗin da ba ka yarda da shi ba, don a wasu yanayi yana iya gudanar da shi. readelf -d zai nuna maka layukan NEEDED ba tare da ya tayar da komai ba.

Sagir:
Saura ɗaya da ke damun mutane kullum. Ƙunshi ya wuce duk wannan, yana aiki wata uku, rana ɗaya bayan pacman -Syu ya ce "error while loading shared libraries: libicuuc.so.74". Laifin wa?

Ɗan Damagaram:
Ba na kowa ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laburaren icu ya hau siga, lambar soname ta canza, masu kula da Arch sun sake gina duk abin da ke core da extra a kan sabon. Naka na AUR ba ya cikin lissafinsu, yana nan yana neman tsohon fayil da aka cire. Mataimakin AUR ba zai ce komai ba tunda pkgver bai motsa ba. Haka yake faruwa duk lokacin da Python ta tashi, misali daga 3.12 zuwa 3.13, kayanka na zaune a tsohon site-packages da sabuwar ba ta leƙawa. Girka rebuild-detector, checkrebuild zai lissafa maka waɗanda suka karye, sai ka sake gina su. Abin da ba a yi shi ne ƙirƙirar symlink daga sabon laburare zuwa tsohon suna. An canza lambar ne don tsarin ciki ya canza, manhajar na iya tashi ta faɗi a tsakiyar aiki.

Nafi'u:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Wajen sake ginin, sai na ƙara pkgrel da kaina?

Malam Habibu:
Amin. In don kanka ne ba sai ka ƙara ba, makepkg -Cf ya wadatar, ko paru -S --rebuild da sunan ƙunshin. In a chroot kake yi, ka tabbata an sabunta kwafin chroot ɗin tukuna da -u, in ba haka ba za ka sake ɗaure shi da tsohon icu ɗin da ke ciki. Mai kula ne ke ƙara pkgrel idan yana so ginin ya isa ga kowa, kuma sai ya sake fitar da .SRCINFO da makepkg --printsrcinfo kafin ya tura, don shafin AUR da mataimaka daga wannan fayil ɗin suke karanta siga, ba daga PKGBUILD ba.